Yadda ɗalibin injiniya zai haɗa karatunsa da ilimin tafiyar da aiki

Ɗiyar yayata tana shekara ta biyu a karatun injiniyan gine-gine a Yamai. Ran nan bayan sallar isha'i ta kira ni, ko gaisuwa ba mu ƙare ba ta ce: "Kawu, na ga a jami'o'in Amurka mutum yana karatun injiniya, a gefe kuma ya ɗauki wani ƙaramin fanni na tafiyar da ayyuka, har a rubuta masa a takardar gama karatu. Mu nan yaya za mu yi?" Na ce mata ta bari in zauna in rubuta, maganar ta fi ƙarfin waya. Da ita nake magana a nan, amma duk wanda ke kan wannan hanya, mace ko namiji, amsar tasa ce.

Ɗiyata, tambayarki ta faranta mini rai, kuma ga dalili. Shantiyen farko, wato aikin gini, da aka damƙa mini, ajujuwa 3 ne a wani ƙauye na Adar, arewa da Tawa. Lissafin ƙarfe da na kankare duk na yi su daidai, wanda ya duba zanen bai gyara ko layi ɗaya ba. An ba mu wata 4, muka fara cikin Afrilu. Ban yi odar tsakuwa da wuri ba, don a ganina abu ne da za a samu kowace rana. Ruwan shuka ya sauka cikin Yuni, washegari rabin leburorina suka tafi gona, kuma ba wanda zai ga laifinsu, abincin shekara ne. Kori ya kawo, kamiyo ya yi kwana 9 bai tsallake ba. Siminti buhu 40 da muka jibge a ƙasa babu katako ya sha danshi ya daskare. Aka koma lakkol a Oktoba, yaran garin suka sake zama cikin rumfar kara, ginin yana tsaye kusa da su babu rufi. Har yau in na tuna su, raina ba ya yi mini daɗi. Duk abin da ya kayar da wannan aiki, ba a cikin darasin ƙarfin kayan gini yake ba. Lokaci ne, da kuɗi, da mutane.

Abin da kika gani a Amurka tsarinsu ne na babban fanni da ƙarami. Ɗalibi yana da fannin da zai fita da shi, sai ya ƙara darussa kamar 5 ko 6 daga wani ɓangare. A na tafiyar da ayyukan injiniya, yawanci za ki tarar da lissafin tattalin arzikin aiki, tsara aiki da bin sawunsa, ajiyar lissafin kuɗi, kula da inganci, da jagorancin ma'aikata. Fannin ya daɗe a can: jami'ar Misuri da ke Rola ta buɗe masa sashe na kansa tun 1967. Mu kuwa tsarin LMD muke bi, wato lisans, mastar da doktora: lisans shekara 3, kiredi (ma'aunin nauyin darasi) 30 kowane zango, 180 gaba ɗaya, kuma an saba ɗalibi ya shiga layi ɗaya ya bi shi har ƙarshe. Saboda haka kada ki zauna jiran a buɗe miki ƙofa mai wannan suna. Da hannunki za ki harhaɗa shi, kuma kayan haɗin duk suna nan kusa.

Fara da takardar tsarin karatunku. Ki karɓo ta daga sashenku, tun daga zangon da kike har na ƙarshe, ki ja layi ƙarƙashin kowane darasi da ya shafi ƙiyasin kuɗi, tsara shantiye, doka, ko kafa kamfani. Za ki same su, sai dai galibi kiredinsu kaɗan ne, shi ya sa ɗalibai ke yi musu karatun daren jarrabawa. Ke ki ɗauke su da nauyin da kike ɗaukar lissafi. In akwai darasin zaɓi, nan za ki kashe shi. Daga nan ki duba giɓin da ya rage. Kina Harobanda, inda makarantar injiniyoyi ta EMIG da Jami'ar Abdu Mumuni suke maƙwabtaka, kuma jami'ar tana da tsangayar tattalin arziki da gudanarwa. Wanda ke nan Tawa yana da Jami'ar Jibo Hamani, wadda ƙarfinta ma a doka, tattalin arziki da gudanarwa yake. Ki samu malamin da ke koyar da ajiyar lissafi na shekarar farko, ki gaishe shi da ladabi, ki gaya masa ke ɗalibar injiniya ce, ki nemi izinin zama a bayan aji. Ki je da kanki, kada ki aika saƙo. Ko bai ba ki maki ba, kin samu abin da kika je nema.

Game da lokacin farawa, shekarar farko ba ta wannan ba ce, lissafi da kimiyyar fizik sun ishi mutum. Yanzu da kike ta biyu ya yi daidai. Ki ware awa 4 ko 5 a mako, kada ki wuce. In kika ga makinki na babban fanni ya fara sauka, ki ajiye na gefen har ki daidaita. Injiniyar da ta iya tsara jadawali amma ginshiƙinta bai ɗauki nauyi ba, haɗari ce ga jama'a.

Yanzu ga abin da za ki koya, bi da bi yadda na ga amfaninsa.

Na farko tsara lokaci. Za a nuna miki jadawalin Gant, mai sanduna a kwance, wanda Henri Gant ya yaɗa tun wajen 1910. Yana da kyau don nuna wa mai aiki inda aka kwana. Amma wanda zai canza miki tunani shi ne hanyar gano jerin ayyukan da ba su ɗaukar jinkiri. Kamfanin DuPont ya fito da ita a 1957, sojan ruwan Amurka kuma suka fito da ƴar'uwarta PERT a 1958. Bari in kwatanta miki da ajujuwan nan. Mu ce tonon harsashi kwana 5, zuba shi 7, ɗaga bango 18, ɗaurin sama 6, rufi 8, kafa ƙofofi da tagogi 4, shafe 12, fenti 6. Kowanne sai na gabansa ya ƙare, jimla kwana 66. To ƙofofin ƙarfe ne, mai walda a Yamai yana son kwana 25, kawo su kuma kwana 3, ke nan 28. Ana bukatarsu ranar da rufi ya ƙare, rana ta 44. Ki cire 28 daga 44, saura 16. Ma'ana kina da sararin kwana 16 kafin ki ba da odar, ba ki da 17. In kika bari sai rana ta 30, don kina ganin ai ko bango bai ƙare ba, ƙofofi za su iso rana ta 58, magina su zauna kwana 14 suna kallonki, aikin ya koma kwana 80. Ba wanda ya yi ƙiwuya, ba wanda ya yi sata, amma an yi asarar mako biyu.

Ki yi irin wannan da fensir da takarda sau goma kafin ki taɓa kwamfuta. Bayan nan sai ki koyi Excel sosai, sannan GanttProject ko ProjectLibre, waɗanda kyauta ne. MS Project za ki tarar da shi a manyan kamfanoni, wanda ya iya na kyautan ba zai sha wuya ba. Abin da manhaja ba za ta gaya miki ba, ke za ki sa mata shi: damina daga Yuni zuwa Satumba, hanyoyin da kori ke yankewa, zafin Afrilu da Mayu da ke sa a zuba kankare da asuba ko da dare, azumi, sallah ƙarama da babba, ranar kasuwar garin da ba za ki ga lebura ko ɗaya ba. Kankare kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, ko mai aiki yana gaggawa ko ba ya yi. Daga Yamai zuwa Tawa ta Doso, Dogonduci da Ƙonni ya haura kilomita 500, duk abin da kika manta a can kwana biyu ne aƙalla.

Na biyu kuɗi, kuma nan nake so ki daɗe. Akwai abu biyu da ɗalibai ke haɗawa alhali daban suke: riba, da kuɗin da ke hannu. Mu ce an ba ki aikin miliyan 40 na sefa, kin ƙiyasta za ki kashe 34, ribarki 6. A takarda komai lafiya. An ba ki kuɗin fara aiki miliyan 8. Cikin wata biyu kin kashe 18 a siminti, ƙarfe, haya da lada. Kin kai takardar neman biyan abin da kika yi, tana bin ofis-ofis, sai bayan wata biyu ko uku za ta fito. Leburori kuwa ran Asabar ake sallamarsu, mai tsakuwa ba ya jiran sa hannun kowa. Miliyan 10 ɗin nan da ke tsakani, daga ina? Na ga ƴan kwangila masu gaskiya da aikinsu ke da riba sun durƙushe a wannan rami. Don haka ki koyi zana shigar kuɗi da fitarsu mako-mako, ki ga wane mako ne aljihu zai bushe tun kafin a sa hannu a kwangila.

Sai darajar kuɗi a kan lokaci. Jikka ɗaya ta yau ta fi jikka ɗaya ta baɗi. Misalin da za ki yi ta gamuwa da shi a ƙasar nan: rijiyar burtsatse, a sa mata injin gazuwal ko faifan hasken rana? Mu ce injin miliyan 2 ne, yana cin miliyan 1 da jikka 200 a shekara, mai da gyara. Na ranar miliyan 6, kulawarsa jikka 200 a shekara. Bambancin saye miliyan 4, ragowar kowace shekara miliyan 1, sai a ce shekara 4 ya mayar da kuɗinsa. Amma in kuɗin na bashi ne da ake ɗora wa kashi 10 cikin 100 a shekara, sai cikin shekara ta 6 yake mayarwa. Har yanzu na ranar ya fi, in kayan za su yi shekaru masu yawa, amma yanzu kin san da nawa ya fi, kuma za ki iya tsayawa gaban magajin gari ko kwamitin ƙauye ki bayyana musu da lambobi. Wanda jami'arku ta Yamai ke ɗauke da sunansa, Farfesa Abdu Mumuni, masanin hasken rana ne, amma bai tsaya a ɗakin bincike ba: ya jagoranci ONERSOL, ofishin makamashin hasken rana na ƙasa, tun 1969, ya kuma shugabanci jami'ar daga 1979.

Ajiyar lissafi kuwa, ba sai kin zama akanta ba. Ki san dai cewa kamfanoninmu suna bin tsarin OHADA, yarjejeniyar 1993 ta dokokin kasuwanci da ta haɗa ƙasashe 17 na Afirka, kuma sabon tsarin lissafinta ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. Ki iya karanta takardar dukiya da bashin kamfani, da ta riba da asara. Ki san harajin TVA kashi 19 ne, kuma duk farashin da aka faɗa miki ki tambaya da haraji ne ko babu. Wannan tambaya ɗaya ta taɓa cece ni daga asarar da ta fi albashina na shekara.

Na uku takardun kwangila. Hanya mafi sauƙi: ki riƙa duba jaridar Le Sahel, inda ake buga sanarwar neman ƴan kwangila. Ki samu wani da ya taɓa shiga takara ya ara miki tsohon kundi cikakke, ki karanta shi tun daga bango har bango, ko da zai ɗauke ki mako biyu. Ki nemo inda aka yi maganar tarar jinkiri, kuɗin da ake riƙewa na garanti, karɓar aiki ta wucin gadi da ta ƙarshe, da abin da za a yi in farashin kaya ya tashi ana tsakiyar aiki. Ki haɗa da dokar aiki ta 2012: awa 40 a mako, rajistar ma'aikata a CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, da abin da ke kan mai aiki in wani ya ji rauni. Karatun ba shi da daɗi, na sani. Amma duk rigimar da za ki gani a shantiye, a ƙarshe waɗannan shafuka ake buɗewa.

Na huɗu mutane, kuma wannan aji ba ya koyar da shi sai kaɗan. Za ki fita kina da shekara 23 ko 24, a tura ki kan magini da ya yi shekara 30 yana riƙe da cokalin gini, wanda ya haifi kamarki. Ki fara da gaisuwa, cikakkiya, kowace safiya. Ki ce masa Baba, ki yi masa "ku". In kin ga kuskure, kada ki gyara shi gaban yaransa. Ki ja shi gefe ki ce: "Baba, ku zo ku duba mini nan, kamar zanen ya ce santimita 15." Sau da yawa zai nuna miki dalilin da ba ki sani ba, wani lokaci kuma zai gyara ba tare da ya ji kunya ba. Tsohon da ya fara koya mini wannan ya ce da ni: "Injiniya, takarda taka ce, ƙasa tamu ce, in ka tambaye mu za mu gaya maka inda take cin gini." Gaskiya ya faɗa, shi ya nuna mini inda ruwa ke kwanciya a filin da na auna da rani.

Amma ladabi daban, sassauci daban. In takarda ta ce kilo 350 na siminti a kowane mita kubik, buhu 7 ke nan na kilo 50. Za a zo miki da maganar a sa 5, wai ba wanda zai gane. Wani lokaci wanda zai faɗa miki haka shi ne mai biyanki albashi. Ki ƙi, ki rubuta a littafin shantiye cewa kin ƙi, da kwanan wata. Ƙarƙashin wannan rufi ƴaƴan mutane za su zauna. Haka hular kwano da takalmi da tokare ramin da ya yi zurfi: ranar da kika kau da kai sau ɗaya, kin rasa bakin magana. Kasancewarki mace, wasu za su gwada ki a makon farko. Kada ki ɗaga murya. Ki riga kowa zuwa, ki san lambobinki, ki tabbata an biya mutane ran da aka yi musu alkawari. Lebura yana gane wanda ke tsaya wa haƙƙinsa da wuri.

Sitaj, wato zaman koyon aiki a kamfani, shi ne inda duk wannan zai haɗu, don haka kada ki ɗauke shi hutun neman sa hannu. Yawancin ɗalibai suna bin injiniya a baya suna ɗaukar hoto. Ke ki roƙi abu uku. A bar ki mako guda tare da mai kula da sito, ki ga yadda buhu ke shiga da fita da inda yake ɓacewa. A bar ki ki riƙa cika littafin shantiye kullum: mutum nawa suka zo, me aka yi, me ya hana. Sannan a bar ki ki zauna taron mako, ke ce mai rubuta abin da aka yanke. Rubuta rahoton taro a shafi ɗaya, da faransanci mai tsabta, wane zai yi me zuwa yaushe, fasaha ce da za ta ɗaga ki sama da tsararrakinki. Ki kuma saba bayyana abu ɗaya da Hausa da Zabarmanci, don a Yamai da su za ki yi aiki. In lokacin kundin ƙarshen karatu ya zo, ki zaɓi batu mai ƙafa biyu, misali ki bi wani gini na gaske ki gwada jadawalin da aka tsara da abin da ya faru, ki fito da dalilan bambancin.

Ta intanet, abu ɗaya zan nuna miki don kada ki watse. Akwai darasin tafiyar da aiki na makarantar Centrale Lille ta Faransa, wanda Rémi Bachelet ke bayarwa tun 2013. Da faransanci ne, bin sa kyauta ne, ainihin darasin mako 4 ne. Ki sauke bidiyon inda kika samu intanet mai ƙarfi, ki kalla a ɗaki. Ku haɗu ku uku ko huɗu, don mutum ɗaya yakan yar a mako na biyu. Takardun shaida na PMI, cibiyar masu tafiyar da ayyuka wadda aka kafa a 1969, suna da daraja wurin manyan kamfanoni da ƙungiyoyin waje, sai dai babbar, PMP, tana bukatar shekarun aiki, kuma kuɗinta da nauyi. Ƙaramar, CAPM, ɗalibi na iya yi. Ni dai shawarata kada ki matsa wa mahaifiyarki a kan wannan yanzu. In kin yi shekara biyu ko uku kina aiki, sai ki duba ta, ko ki duba mastar a makarantar 2iE ta Wagadugu ko ta CESAG a Dakar, lokacin kin san tambayoyin da kike nema wa amsa.

Tunda ba za a rubuta miki ƙaramin fannin a takardar jami'a ba, ki tara shaidarki da kanki. Fayil ɗaya: jadawalin da kika zana, lissafin shigar kuɗi da fitarsu, rahoton taro biyu ko uku da aka ba ki izinin ajiyewa, takardar sitaj, sakamakon darasin intanet. A takardar neman aiki ki faɗi abin da kika yi daidai yadda yake, "na halarci darasin ajiyar lissafi zango ɗaya", kada ki kira shi difloma. Ayyuka irin madatsar Kandaji, tashar hasken rana ta Gorubanda mai megawat 30, ko masana'antar siminti ta Malbaza, duk suna bukatar wanda ya san fasaha kuma ya iya riƙe jadawali da kasafi, kuma mai ɗaukar aiki yana gane wanda ya taɓa yi daga tambaya ta biyu.

Hutun nan mai zuwa, in Allah ya kai mu, ki taho Tawa. Akwai katangar makaranta da za mu yi bayan damina, mita 200 da ƙofa ɗaya. Zan ba ki zanen da farashin kayan, ki fitar mini da bulo nawa, siminti buhu nawa, mutum nawa na kwana nawa, da ranar da ya kamata a ba mai walda odar ƙofar. Ki zo da littafi mai bango mai ƙarfi da takalmin da ya rufe ƙafa. Ki gaida mini Yaya.